Baƙon da Aka Yi wa Tafi a Kasuwa

Kai ma da tambayar nan ka zo, Malam Sidi? Wai mene ne sunan wasan da ake yi baki a rufe, hannu da jiki kaɗai ke magana, kuma daga ina sunan ya fito? Wallahi ni kaina abin ya daɗe yana ruɗa ni. Gyara zama in ba ka misali.

Wani matafiyi ne ya faɗo kasuwar wani ƙauye da tsakar rana, yana haki. Daga nesa ya fito, ba ya jin Hausa ko "zo in kashe ka". Ƙanensa ne ya rufta wata tsohuwar rijiya a bayan gari, shi kuwa igiya yake nema da majiya ƙarfi. Ya yi yarensa ba wanda ya gane, sai ya koma yi da jiki: ya taka kamar mai tafiya, ya zube ƙasa, ya tashi ya leƙa rami, ya yi ta jan igiyar da babu. To, an yi rashin sa'a, kasuwar da ta wuce wani ɗan wasa ya zo ya yi irin wannan, an sha dariya. Nan da nan aka kewaye baƙo ana tafi, wani har da jefa masa goro! Sai gardama ta ɓarke a rumfar wanzami. Wanzami ya ce sunan abin kwaikwayo, daga koyi aka samo shi, ba ga shi yana koyi da mai ɗiban ruwa ba? Wani malami ya ce ina, ishara ce, kalmar Larabci, wanzami ya tsaya ga askarsa. Mahauci ya ce kun cika neman wahala, wasan bebe ne, a wurin bebaye aka gani. Wanzami ya ce to ai da ya iso ya yi magana, ina beben? Mahauci ya ce wannan ma cikin wasan ne. Kai, kowa ya rikice, wasu na cewa nuni ne, wasu na cewa iskoki ne suka hau shi. Shi kuwa bawan Allah ya ƙara himma, su ƙara tafi.

Can gefe akwai wata mai sayar da tukwane, shekararta talatin tana zaune da miji kurma. Ita ba ta bi ta kan hannuwan baƙo ba, idonsa ta duba, ta ga ya kaɗa ya yi jawur. Ta miƙe ta ce, "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Mai wasa ku yake satar kallo ya ga ko kun dara. Wannan kuwa, hanya yake ta waiwaye." Ta kwance igiyar kayanta ta danƙa masa. Ya fizga ya zuba a guje, aka rufa masa baya. Aka tarar da ƙanen ruwa iya wuya, faratansa duk sun kakkarye wajen kama bango, muryarsa ta dushe. Aka jawo shi da rai. Da an ƙara zagaye ɗaya na gardamar nan, gawa za a jawo. Ka san abin takaicin? A hanyar komowa wanzami da malami suka ɗora daga inda suka tsaya.

Ni har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, Malam Sidi. Abin da na sani, masu neman sunan ba wanda ya kalli mutumin. Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.