Layin Toka

Yaya Tasi'u, sai jiya na iya zama a kujerarka. Takardunka na nan yadda ka bar su: fuskokin manhajar wayar da kake tsarawa, akwati-akwati da fensir, ba launi ba hoto, abin da kake kira ƙwarangwal. Na taɓa yi maka dariya ranar da ka miƙa wa Inna takarda ka ce ta danna da yatsa ka ga inda za ta ɓace. Ka ce in zauna, ka ba ni misali.

Wani magini ne, ka ce, ba ya aza tubali sai ya zana gidan kaf a ƙasa da toka: nan zaure, nan shigifa, nan ɗaki. Sai ya sa mai gida ya bi layin ya shiga ya fita, da dami a ka, har su kama gado su biyu su gwada. Inda aka taka layi, a shafe da ƙafa a sake. Ana nan ya gamu da mai gaggawa, damina ta matso, ga matar mutumin da tsohon ciki. Mutumin ya ce shi ba yaro ba ne da zai yi ta tsalle cikin toka. A dai yi masa zanko a saman soro da ado a goshin ƙofa, a kuma karya hanyar shiga sosai, kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Aka gina. Gida ya yi kyau, har tsayawa ake yi kallo.

Ran da naƙuda ta yi tsanani, ungozoma ta ce a kai asibiti, kuma kada a tashe ta zaune saboda jini. Aka ɗauko ta a kan gado, aka zo wannan kwana ta hanyar shiga, gado ya ƙi juyawa. Aka ruga neman diga. Maginin kuwa gwani ne, bango ya bushe ya yi tauri. Kafin a fasa, ta cika. Mai gida na zaune cikin ɓaraguzai yana ta faɗa wa masu gaisuwa: "Da ƙafa fa ake shafewa. Da ƙafa kawai."

Yaya, waɗanda suka ba ka aikin sun kira, sun yi ta'aziyya, sun ce in zuba launi in miƙa, ai ƙanin gwani gwani ne. Na ce to. Amma takardarka ta ƙarshe akwati ɗaya ne babu rubutu, da kibiya da ta fita daga jikinsa ba ta sauka ko'ina ba. Ban san ƙofa ce ko bango ba. Launi ka koya mini. Zanen ƙwarangwal kuwa ka ce sai bayan sallah.

Ban gaya wa kowa ba tukuna cewa ban iya ba, ko Inna. Ina dai zaune ina jin kaina ina bushewa kamar bangon nan, Hausawa kuwa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.