Hatsari Ɗaya Kyauta

Saverio ya jira sai da motar kifin Cosimo ta shawo kwanar coci, sannan ya taka totur har ƙasa.

Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Gilashi ya tarwatse, akwatunan kifi suka watse a kan kwalta. Cosimo ya fito da rarrafe, hanci a karye, jini na bin rigarsa. Saverio bai bari ya miƙe ba. Ya shaƙe shi, ya yi ta kirɓa masa naushi har haƙori ya fita, kowane naushi da sunan karyarsa Briciola.

"Wace karya kuma, mahaukacin banza?" in ji Cosimo, baki cike da jini.

Ba hauka ba ne, shiri ne. Shekara ashirin da ɗoriya Saverio bai taɓa ko gogar bango da mota ba. Kamfanin inshora ya yi ta rage masa kuɗi har ya kai matakin ƙarshe, ragin da Saverio ya ishi kowa da labarinsa a gidan kofi. Ya kuma ƙara kuɗi ya sayi kariya: hatsarin farko a shekara a yafe, ragi ya zauna daram. Hatsari ɗaya kyauta ke nan, ya adana abinsa kamar harsashi.

Ranar da aka take Briciola a ƙofar gida, matarsa Nunzia ce kaɗai ta gani. Ita ta ce farar motar kifi ce. Ta fi shi kuka, ko abinci ta kasa ci. Don ta ɗan sarara, ta ɗauki motarsu ta tafi gidan ƙaninta makanike, ta yi kwana biyu a can.

Bayan karon da Cosimo, Saverio ya gaya wa 'yan sanda birki ne ya ƙwace, dukan kuwa zafin rai ne. Ya koma gida zuciya fes, ya rama wa karyarsa kuma ko sisi ba zai yi asara ba.

Da lokacin sabunta inshora ya yi, ya shiga ofishin wakilin kamfanin, Donato, yana fito. Donato ya faɗa masa sabon farashi: ninki biyu, ragin shekara ashirin ya bi ruwa. Saverio ya kifar da tebur, ya cakumi wuyan rigar mutumin ya haɗa shi da bango.

"Kariyar da na biya fa, ɓarawo?"

"Ka biya, kuma an yafe muku ɗaya," in ji Donato yana kakari. "Sake ni mana! Naka ai shi ne na biyu."

"Na biyun uban wa?"

Donato ya dube shi da mamaki na gaske.

"Au, uwargida Nunzia ba ta faɗa maka ba? Na farko ai nata ne, ranar da take ja da baya a ƙofar gidanku, ta bi ta kan karyar nan, ta afka wa motar mai kantin magani."