Tsohon da Kaleb Zai Kayar

A Jere aka cusa wata dattijuwa cikin bas ɗin Kafanchan, da zanen zumuntar matan coci da jaka mai nauyi, ta zauna kusa da Kaleb. Shi kuwa yana rungume da kundin digirinsa na uku, wahalar shekara shida. Ƙarfe biyu zai kare shi gaban malamai, in ya faɗi, aikin koyarwar da aka yi masa alkawari ya tafi ke nan.

Ta tambaye shi me yake karantawa. Ai kuwa ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Kaleb irin mutanen nan ne da in sun ga zanen zumunta sai su ɗauka iyakar karatun mai shi littafin waƙoƙi.

Ya yi mata bayani kamar ana Sande Sukul. Masana lissafin kwantam, na ƙwayoyin da ido ba ya gani, sun rabu biyu kan mafarin sararin samaniya. Wasu sun ce daga babu ya ɓullo, shi yana cikinsu. Wasu sun ce lokaci kamar gindin ƙwarya yake, duk inda ka shafa ba ka samun inda ya fara. Babbansu wani Farfesa J. Dogara, wanda aka gayyato ya yi masa jarrabawa. Bai taɓa ganinsa ba, amma yau zai kayar da tsohon.

"To ɗana," in ji ta, "in babu komai, dokar da ta ba shi izinin ɓullowa a ina take zaune?"

Har Kagarko yana juya tambayar a ransa, tsoro ya kama shi sosai. A Kwoi ya ari bironta ya cika bayan kundin da lissafi. Ta leƙa, ta ce layi na uku bai yi mata kyau ba. Ya duba, ga kuskure ɓaro-ɓaro. Ya ce a ransa tsofaffi akwai sa'a.

Suna isa tasha ya haye acaɓa, ko sallama babu.

Ƙarfe biyu da kwata yana tsaye a zauren jami'a yana share gumi, ƙofa ta buɗe, malamai duk suka miƙe.

"Ku yi haƙuri da latti," in ji Farfesa Jacinta Dogara tana gyara zanen zumunta, "ɗalibinku ne ya riga ni hawa acaɓa."