Sandar Tashar Ummu Sidra

Ranar Asabar masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su kwashe layin dogo. Haka takardar ta ce, kuma Tajussir ya karanta ta sau uku a tsaye a gaban tashar Ummu Sidra, ko Allah zai sa wata kalma ta sauya. Ba ta sauya ba. Can ƙasa an ƙara cewa an rufe maganar mahaifinsa, tunda har yau ba a ga sandar ba.

Sandar nan ita ce komai. Layinmu ƙwaya ɗaya ne, jirage biyu ba sa gifta juna, shi ya sa tsakanin Ummu Sidra da tashar Kilo Tis'in aka ajiye sandar ƙarfe guda, tsawon kamu, da sunan tashoshin biyu sassaƙe a jikinta. Direban da ba ta hannunsa ba zai motsa ba, ko da uwarsa ce ke shaƙuwar mutuwa a gaba.

Wata Alhamis, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, jirgi ya tsaya, direba ya miƙo hannu, Awad shugaban tasha, mahaifin Tajussir, ya juya wajen ƙusar da yake rataye sandar. Sai ƙusa kawai a bango.

Kwana biyu jirgin ya yi a nan, sannan ya koma inda ya fito. Mutanen babban ofis kuwa dama mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, don sun daɗe suna cewa layin ba ya kawo komai. Suka rubuta cewa an dakatar da zirga-zirga har sai an ga sandar, suka kori Awad da sunan sakaci. Mutumin da yake goge ƙararrawar tasha kullum safe, wai shi ne mai sakaci! Ɓarin jikinsa ya shanye a watan. Ya yi shekara huɗu a kwance, kuma da bakinsa karkatacce abu ɗaya yake maimaitawa: "Ban yar da ita ba."

Daga nan garin ya fara zubewa. Matan da ke sayar da kisra, wato wainar dawa, da dafaffen ƙwai a tagogin jirgi suka kife tasoshinsu. Dabino ya rasa mai ɗauka. Malamin makaranta ya tafi hutu bai dawo ba. Gida ɗari biyu ya koma goma sha ɗaya, kuma duk wanda zai tashi sai ya harari ƙofar Awad kafin ya hau mota.

Tajussir yana da tikiti a aljihu ranar Alhamis ɗin, zai tafi Bur Sudan aikin bakin teku. A jirgin nan yayansa Mirgani ya tafi shekara biyu kafin nan, akwatinsa kaɗai ya dawo. Shi Tajussir bai tafi ko'ina ba. Ya yi jinyar uba, ya binne shi, ya rantse a kan kabarin sai ya wanke sunansa. Ya yashe rijiyar tasha sau biyu. Ya tankaɗe rairayin da ke bayan ofis da rariya. Bai yi aure ba, don ba mai ba ɗan gidan da ya kashe gari 'ya. Yanzu shekarunsa sittin, gemu ya yi fari, kuma ya gaji.

Tun daga nesa ya jiyo mahaifiyarsa, Hajja Sittana, tana dakan gahawa. Matan nan da guntun ƙarfen mota suke daka, amma nata ƙararsa daban ce, kowa ya san ta. Ta naɗe taɓaryar da fatar akuya tun daga sama har kusa da baki, kuma ba wanda ya taɓa riƙe ta. In maƙwabciya ta zo aro sai ta ce taɓarya da miji ba a ba da aronsu.

"Me suka ce, 'yan ofis ɗin naka?" ta tambaya. Idanunta sun daɗe da tafiya, amma takun ɗanta ba ya ɓace mata.

"Sun ce Asabar, Yumma. Har ƙarfen za su ɗebe."

"Su ɗebe mana, ko ci muke yi? Zauna ka sha gahawarka. Da ka tafi bakin teku, da wa zai riƙa sha min ita yana ɓata fuska?"

"Baba ya mutu da sunan mai sakaci, ke kina zancen gahawa."

Ta ɗaga taɓaryar, sai ta suɓuce mata ta gangara har gaban ƙafarsa. Ta shiga laluben ƙasa da sauri irin wanda bai taɓa gani a jikinta ba.

"Bar ta! Na ce ka bar min abuna, Tajussir!"

Ya riga ya ɗauka. Fatar ta tsufa, faɗuwar ta tsage ta, ta zame a hannunsa kamar ɓawon albasa. A saman ƙarfen akwai ɗan zobe na ratayewa. Ya goge da bakin rigarsa, ya karanta abin da ke sassaƙe: Ummu Sidra, Kilo Tis'in.

Tsohuwar ta ji shirun, ta daina lalube.

"Jirgin ranar Alhamis ɗin nan kaɗai na so in tsayar," in ji ta.