Wanda Nake Taimaka Wa

Wasan ƙarshe ke nan a filin nan na Salford, domin council, hukumar gari, ta janye tallafin ƙungiyar baseball ta naƙasassu. Saudatu na tsaye bayan keken guragun Nuru kamar kowace Asabar, ita ce buddy ɗinsa, wato mai taimaka masa a fili. Dokar aikin ɗaya ce: ba a taɓa keken ɗan wasa sai ya nema.

Yayanta Jumare ya taso takanas daga Birmingham don ya ga mutumin da ta ce tana so. Nuru ne mutumin, amma Jumare bai san a keke yake ba.

Nuru ya buga ƙwallo, ya fara murza tayoyinsa. Sai Saudatu ta ga kamar ba ya sauri a idon Yaya. Ta damƙi keken, ta tura shi a guje har base, inda ɗan wasa ke tsayawa. Aka ɗauki tafi. Nuru bai ɗago ba.

"Na ce ki tura ni?"

"Sorry, Nuru, so nake Yaya ya ga..."

Jumare ya ƙaraso, idonsa a kan ƙafafun Nuru. "Saudatu, ba dai shi ne wannan ba?"

Ta saki keken. "A'a, Yaya. Wannan wanda nake taimaka wa ne."

Nuru ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Allah ya ba da lada, Malama."

Ya juya kekensa, tayoyin na nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Har ya kai bakin ƙofa bai nema ba.