Karen Dubu Goma Sha Biyu

“Wannan kuɗinsa ringgit dubu goma sha biyu, wancan dubu uku,” in ji mai kiwon karnukan da ke bayan unguwar Setapak.

Surayya, ɗalibar likitancin dabbobi, ta duƙa ta duba mai tsadar. Gashinsa sai sheƙi yake, amma ƙugunsa ya lanƙwashe, yana jan ƙafafun baya. Ranta ya ɓaci.

“Haka suka ƙirƙire shi don gasar kyau, Ɗayyabu,” ta ce wa saurayinta. “Ciwo yake ji. Idan garken Baba za a tsare, ɗauki mai arhar, shi ne na kiwo.”

Ɗayyabu ya yi dariya. “Wa ya ce aiki zai yi? A ƙofar gida zan ɗaure shi, baƙi su san na isa. Ke ma ai bayan biki a falo zan rataye takardar digirinki. Matata dakta ce, amma ba ta fita.”

Ta zare zoben baikon, ta ɗora a kan kejin karen mai tsada.

“Haɗa ka cika kuɗinsa. Shi ne ba ya iya gudu. Ni ƙafafuna lafiya lau.”