Bango na Huɗu

Mai sayar da jarida ya jibge ɗauri uku a gabanta. "Dada, kwashe kayanki! Mutane sun sayi bango daban-daban, suka tarar labarin ciki ɗaya ne. Saura ƙiris su ƙone mini rumfa a kasuwar Kariakoo!"

Dabararta ce. Mujallar barkwancin mahaifinta ta tsufa tare da masu karanta ta, shi ya sa ta zana mata bango kala huɗu, ko matasa za su waiwayo. In wannan bugun ya kwanta, an rufe ke nan.

"Ina na huɗun, mai ɓarawon akuya?" ta tambaya.

"Shi kam ya ƙare tun safe. 'Yan daladala, masu motocin hayan nan, har manna shi suke a gilashi, suna tuntsira dariya."

Ta juya ta damƙe hannun mahaifinta da ke zaune a gefe. "Baba, mun tsira! A ƙara bugawa!"

Baƙar mota ta tsaya a ƙofa. Wani ƙato ya shigo, 'yan sanda biyu a bayansa, ya kara bangon mai ɓarawon akuya kusa da fuskarsa. Hancin ɗaya, wushiryar ɗaya.

"Wa ya zana ni?"